Ana ƙona tumaki, ana hura musu hayaƙi da sunan bincike: ya halatta, kuma me aka samu?

Garba_MaiTumaki: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu na karanta ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da likitoci da malamai a zauren. A wata jami'ar koyon likitanci da ke Galveston, a jihar Texas ta Amurka, an daɗe ana bincike a kan tumaki. Sai a sa wa tunkiya maganin barci, a ƙona kashi 40 cikin 100 na fatarta, a kuma hura mata hayaƙin auduga a huhu har sau 48. Daga nan a jona ta da na'urar numfashi, a yi ta auna huhunta da zuciyarta na kwana biyu, a ƙarshe a kashe ta a buɗe a duba. Ni da kiwo na tashi, na san yadda tunkiya ke ɗingishi in ƙaya kawai ta shige mata kofato. Shin wannan ya halatta? Kuma mene ne ba za a gano ba sai an yi wa dabba haka, alhali ga asibitoci nan cike da waɗanda gobara ta riga ta ƙona?

Ummu_Sudais: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wuta fa!

Dakta_Sani: Wa alaikumus salam Malam Garba. Abin da ka karanta haka yake. Wani masani Daniel Traber da matarsa Lillian ne suka yi fice da wannan tsarin, suna aiki tare da asibitin yara masu ƙuna na Shriners da ke garin. Zan bar wa malamai batun halacci, in amsa maka tambaya ta biyu.

In aka kawo mini wanda gobara ta rutsa da shi, ban san yawan hayaƙin da ya shaƙa ba, ban san abin da ya ƙone a ɗakin ba, ban san yadda huhunsa yake kafin ranar ba. Ba kuma zan hana shi magani don in kwatanta shi da na gadon kusa ba. A tunkiya kuwa an auna komai tun tana lafiya, an san adadin hayaƙin, ana bin abin awa bayan awa. Sun zaɓi tunkiya ne saboda girmanta da tsarin huhunta sun fi na ɓera kusa da namu, ana iya sa mata na'urorin da muke sa wa mutum. Kuma jijiyar da ke kai jini ga bututun iskarta guda ɗaya ce babba, ana iya auna ta ko a ɗaure ta.

A nan aka ga cewa bayan hayaƙi jinin da ke kwarara zuwa bangon bututun iska yana ninkuwa kusan sau goma. Ruwan jini ya riƙa tsattsafowa cikin bututun, ya haɗu da majina da fatar ciki da ta saɓule, ya daskare ya toshe hanya. Da suka ɗaure waccan jijiyar a wasu tumakin, sai ɓarnar huhun ta ragu sosai. Wannan gwaji ba wanda zai yi shi a jikin mutum.

Nura_Tela: Dakta to ai zafin wutar ne ke dafa huhun, me ya rage a bincika?

Isa_KwanaKwana: A'a Nura. Mu da muke shiga mu fito da mutane, sau da yawa za ka tarar da mutum kwance a bayan ƙofa, ko gashinsa wuta ba ta taɓa ba, amma ya cika. Hayaƙi ne ke riga wuta isa.

Dakta_Sani: Gaskiyar Isa. Wannan ma a dabba aka tabbatar da shi. A 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a Boston, mutum 492 suka mutu, da yawansu ta hanyar numfashi. Bayan nan, a 1945, Alan Moritz da abokan aikinsa a Harvard suka hura wa karnuka iska mai tsananin zafi. Suka ga busasshiyar iska tana hucewa tun a baki da maƙogwaro, can take yin ɓarnarta. Tururi ne kawai ke iya kai zafi can ƙasa. Abin da ke lalata huhu shi ne gubar da ke cikin hayaƙin. Shi ya sa a Galveston ma sai an tabbatar zafin hayaƙin bai wuce digiri 40 ba kafin a hura, don a ware aikin guba da aikin zafi.

Sista_Rabi: Abin da Dakta ya ce yana daskarewa ɗin nan, da hannuna nake zuƙo shi. Ina aiki a sashen ƙuna. In mun sa siririn tiyo cikin bututun mara lafiya muka ja, wani lokaci abu ne ke fitowa baƙi, mai yauƙi, mai rassa kamar saiwar ciyawa, ya ɗauki siffar hanyar da ya toshe. Da ya fita sai ka ga ƙirjin ya fara ɗagawa daidai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya shigo da ƙafarsa yana magana. An taɓa kawo mana wani magidanci, ƙunar hannu ce kawai, 'yan'uwa suna ta matsa mana a ɗaure a sallame shi. Amma gashin hancinsa ya babbake, muryarsa ta dushe, in ya yi kaki sai ka ga baƙi-baƙi a ciki. Muka riƙe shi. Kafin asuba maƙogwaron ya kumbura har sai da aka zura masa bututu. Da ya tafi gida ban san abin da zai faru ba. Sanin cewa ɓarnar tana zuwa a hankali, cikin awa 24 zuwa 48, ba daga sama ya faɗo mana ba.

Malam_Tukur: Bismillah. Tambayar Malam Garba tana da nauyi, kada mu yi saurin wuce ta. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga gidan tururuwa da aka ƙona, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Ya tsine wa wanda ya yi wa jaki lalas a fuska. Mun kuma san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Asali ke nan: cutar da dabba haramun ne.

Sai dai malamai da dama na wannan zamani sun ba da dama a yi gwajin magani a kan dabba in akwai larura ta gaskiya, bisa sharaɗin babu wata hanya, ana sa ran amfani tabbatacce ga rayukan mutane, an kawar da ciwo iyakar iyawa, ba a kuma wuce gwargwadon buƙata ba. Wanda ya ƙona dabba don ya azabtar da ita daban, wanda ya gusar mata da ji tukuna don neman ceton rai daban. Ko waɗannan masu bincike sun cika sharuɗɗan? Wannan ba malami ne zai faɗa ba, sai waɗanda suka san aikin.

Abu_Zarr: Allah ya gafarta Malam, ni dai lafazin hadisin nan bai bar mini ƙofa ba. Larura ita ce mutum yana gabanka zai mutu yanzu. Wannan kuwa wataƙila a samu amfani nan da shekara ashirin, wataƙila ba a samu ba.

Nura_Tela: Raguna nawa muke yankawa ranar layya, Abu Zarr?

Abu_Zarr: Yanka ɗan lokaci ne, an ma umarce mu mu wasa wuƙa mu hutar da abin yankan. Nan ana maganar kwana biyu. Kada ka haɗa su.

LikitanDabbobi_Hauwa: Akwai abin da nake so in ƙara a kan maganar Dakta Sani, domin wasu za su ɗauka tunkiyar barci take yi har ƙarshe. Ba haka ba ne. Barcin na lokacin ƙunar da hayaƙin ne. Bayan nan a kan farkar da ita, ta yi sauran awannin a farke cikin keji, da bututu a wuyanta. Hujjarsu ita ce ƙunar mai zurfi ce, ta cinye jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, kuma suna ba da maganin kashe raɗaɗi. Na yarda da hakan har wani mataki. Amma gefen ƙunar da bai yi zurfi ba yana ciwo, ƙuncin numfashi ma wahala ce ko babu raɗaɗi. Tunkiya kuma dabba ce mai ɓoye ciwo, Malam Garba shaida ne, sai abin ya ci ƙarfinta za ka gan ta ta ware daga garke tana cizon haƙora.

Akwai ƙa'idoji uku da wasu masana biyu, Russell da Burch, suka kawo a Ingila a 1959, waɗanda kwamitocin sa ido ke bi har yau: in akwai abin da zai maye gurbin dabba a yi amfani da shi, a rage yawan dabbobin, a sassauta musu wahala. Kusan abin da Malam Tukur ya lissafa ke nan. Dokar kula da dabbobi ta Amurka ta 1966 ta shafi tumakin da ake binciken likitanci da su, amma ba ta lissafa ɓerayen da ake kiwo don gwaji, alhali su ne mafi yawa.

Garba_MaiTumaki: Na gode Likita Hauwa. Wannan farkawar ce ta fi damuna a duk abin da aka faɗa.

Bilkisu_Lab: Ni matsalata ba ta tsaya ga tausayi ba. Ina karatun digiri na uku, da ɓeraye nake aiki, kuma ina ganin ana zuzuta abin da gwajin dabba ke bayarwa. A 2013 wata babbar tawagar masana a Amurka ta kwatanta yadda ƙwayoyin gado ke motsawa a jinin mutanen da suka ƙone da na ɓerayen da aka ƙona, suka ce kamannin kaɗan ne ƙwarai. Fatar ɓera ma saƙwaf-saƙwaf take, rauninta tsukewa yake yi ya rufe, namu ba haka yake warkewa ba.

Ko tumakin ma, lafiyayyu ne, tsara ɗaya, ba mai hawan jini, ba mai shan taba, kuma hayaƙin auduga zalla ake ba su. Wane gida ne ke ƙonewa da auduga zalla? Katifar soso ce, da kujerun roba, da labule, da wayar lantarki, da jarkar fetur.

Dakta_Sani: Malama Bilkisu, ki ƙarasa labarin mana. Wasu masana biyu a Japan sun ɗauki bayanan nan na 2013 ɗin dai, suka sake lissafi ta wata hanya, suka ce kamannin mai yawa ne. Har yau ana jayayya a kai. Batun auduga kuwa kina da gaskiya, amma in kina canja hayaƙi kowane gwaji ba za ki san abin da ya jawo me ba.

Ga misalin abin da ya fito daga tumaki ya isa gadon asibiti: shaƙa wa mara lafiya maganin hefarin, mai hana jini daskarewa, don kada toshiyar da Sista Rabi ta kwatanta ta haɗu. An fara ganin amfaninsa a tumaki. A 1998 likitocin Shriners suka ba da rahoton cewa yaran da aka shaƙa wa shi tare da maganin narkar da majina sun fi tsira.

Bilkisu_Lab: Da yaran shekarun baya aka kwatanta su, Dakta, ba rabawa aka yi gida biyu a lokaci guda ba. Gwajin da aka shirya a Turai don a tantance abin kuma an dakatar da shi da wuri, ba a samu isassun marasa lafiya ba. Ana amfani da shi a wurare da yawa, na sani, amma hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba.

Sadiya_Gombe: Don Allah ku yi haƙuri da tambayata. Huhu na gane, amma me ya haɗa ƙunar fata da zuciya?

Dakta_Sani: Tambaya mai kyau, 'yar'uwa. In ƙuna ta yi faɗi, ƙananan jijiyoyin jini na jiki duka suna fara yoyo, ruwan jini ya fice ya taru a tsoka. Mutum ya kumbura, amma cikin jijiyarsa babu ruwa, zuciya ta rasa abin turawa, ƙoda ta tsaya. Charles Baxter da Tom Shires a asibitin Parkland da ke Dallas sun yi gwaji a kan dabbobi, ciki har da karnuka, don su gano yawan ruwan da ke cike giɓin. A 1968 suka fitar da abin da ya zama lissafin da ake koya wa kowane ɗalibin likita: mililita 4, sau nauyin mutum, sau kason jikin da ya ƙone. Mai kilo 60 da ya ƙone kashi 30 zai buƙaci mililita 7,200 a awa 24 na farko, rabi a cikin awa 8.

Sannan ko an cika ruwan, naman zuciyar kansa yakan yi rauni a kwana ɗaya zuwa biyu na farko. Jureta Horton, ita ma a Dallas, ta daɗe tana ciro zukatan ƙananan dabbobin da aka ƙona tana auna ƙarfin matsawarsu. Ta nuna cewa sinadaran kumburi da ƙunar ke tayarwa, da taruwar kalsiyam cikin ƙwayoyin zuciya, suna raunana ta. Bayan kwanakin nan sai abin ya juye, zuciya ta kama gudu ba hutu har tsawon watanni, jiki yana cin naman kansa. A 2001 David Herndon a Galveston ya nuna cewa maganin rage bugun zuciya yana sassauta wannan a yara.

Isa_KwanaKwana: Malama Bilkisu ta ambaci katifar soso. Mu a wurin horo an gaya mana hayaƙinta yana ɗauke da gubar sayanaid. Akwai maganinta?

LikitanDabbobi_Hauwa: Akwai, ana sayar da shi da sunan Cyanokit, wani nau'in bitamin B12 ne da ke kama gubar ta fita ta fitsari, har fitsarin ya koma ja. 'Yan kwana-kwana na birnin Faris sun daɗe suna amfani da shi. Da Amurka ta zo amincewa da shi a 2006, da gwajin karnuka ta dogara, domin ba yadda za a ba mutum sayanaid da gangan a ga ko magani zai tashe shi. Duk da abin da na faɗa a sama, a nan ni kaina ban ga wata hanya ba.

Mahamadu_Maradi: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. A Nuwamba 2021 yara sama da 25 suka mutu a gobara a nan Maradi, a azuzuwan zana. A Afrilun shekarar wasu 20 a Yamai. Ku ma kun ga abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoba 2024, tankar mai, sama da mutum 150. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. To cikin waɗannan su nawa suka ga na'urar numfashi, balle Cyanokit? Tumakin sun sha wahala, amma amfanin yana can inda aka yi binciken. Mu gina aji da bulo shi ne maganinmu.

Sista_Rabi: Malam Mahamadu, aji da bulo kam dole ne. Amma ba duka ne ya tsaya can ba. Lissafin ruwan da Dakta ya kawo, da biro da takarda muke yin sa kullum, ruwan leda ne da kowane asibitin gari ke da shi. Ga kuma wanda ko asibiti ba ya buƙata: masu bincike a Brisbane ta Ostireliya sun gwada a fatar alade, wadda ta fi kama da tamu, suka ga zuba ruwan sanyi mai gudu na minti 20 yana sa ƙuna ta fi saurin warkewa, ƙanƙara kuma ba ta fi shi ba. Da iyaye za su riƙe wannan kaɗai, da mun huta da kankare ɗanyen ƙwai da man goge baki da baƙin mai daga jikin yara suna ihu.

Baba_Inuwa: Allah ya yi miki albarka 'yata. Ni kuma roƙona ga jama'a, hunturu na tafe, a daina shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga. Janareta ma a fitar da shi waje, nesa da taga.

Dakta_Sani: Baba ya taɓo babba. Iskar kabon monoksaid, wadda gawayi da janareta ke fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Zuciya da ƙwaƙwalwa ne ke fara jigata. In aka bar mutum da iskar ɗaki, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabinta ya fita, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Ga ma'aikatan lafiya na zauren: 'yar na'urar auna oksijin da muke maƙalawa a yatsa tana ruɗuwa da wannan iskar. A 1987 aka gwada a karnuka, kashi 70 na jininsu ya kamu, na'urar tana nuna kusan 90. Kada lambar ta sa ku cire wa mutum oksijin.

Abu_Zarr: Mun bar tambayar Malam Garba mun koma wa'azin gawayi. Ni har yanzu ina nan a kan bakana. An ce yanzu ana yin huhun gwaji a na'ura, me ya hana a koma can?

Bilkisu_Lab: Ana yi. A 2010 masana a Harvard suka ƙera ɗan ƙaramin faifai da aka shimfiɗa wa ƙwayoyin huhun mutum, yana buɗewa yana tsukewa. A Disamba 2022 kuma Amurka ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a dabba kafin mutum. Sai dai faifan ba shi da zuciya, ba shi da ƙoda, ba shi da fatar da za ta ƙone. Abin da ake nema a nan kuwa shi ne yadda ƙunar fata da hayaƙin huhu ke haɗuwa su kayar da jiki duka. Ko ni mai suka ba zan ce ya maye gurbin tunkiya yau ba.

Garba_MaiTumaki: Na karanta duka, Allah ya saka. Na yarda an samu amfani, lissafin ruwan nan da minti 20 na Sista sun shiga kaina. Amma an gano toshiyar, an gano kwararar jinin, tun shekaru da yawa. Me ya sa har yanzu ake kawo sababbin tumaki? A ina sharaɗin Malam Tukur na kada a wuce gwargwadon buƙata yake tsayawa?

LikitanDabbobi_Hauwa: Yawanci sabon magani ake gwadawa, kuma rukunin ba ya da yawa, tumaki biyar zuwa takwas a kowane ɓangare. Amma kowane gwaji sai an haɗa da rukunin da aka ƙona ba a ba shi maganin ba, don a kwatanta. Su ne nake ganin ya kamata kwamitoci su fi tsananta tambaya a kansu.

Bilkisu_Lab: Kuma a tilasta wa kowa ya buga sakamakonsa ko maganin bai yi aiki ba. Gwajin da ya faɗi sau da yawa a aljihun tebur yake ƙarewa, wani a wata jami'ar ya sake yin irinsa da wasu dabbobin bai sani ba.

Malam_Tukur: In haka na faruwa, wanda ya ɓoye sakamakon yana da kaso a alhakin dabbobin da aka sake ƙonawa. Abu Zarr, ka same ni ta akwatin sirri in turo maka maganganun malaman ɓangarorin biyu, ka duba da kanka.

Ummu_Sudais: Sista Rabi, mu da ba mu da famfo fa? Ruwan randa zai yi?

Sista_Rabi: Zai yi, Hajiya. Ki riƙa ɗiba da moɗa kina kwararawa a hankali har minti 20 ɗin su cika, ki cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. In yaro ne ƙarami ki lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. In kuwa a rufaffen ɗaki hayaƙin ya same shi, ko muryarsa ta canja, ku wuce asibiti ko da ƙunar ba ta da yawa.